Kuɗin karen Turai asara ne? Muhawarar 'yan layinmu

Mai Taya: Salamu alaikum jama'a. Yau zan faɗi wata magana, wanda zai ji haushi ya ji. Duk wanda ya zuba kuɗi ya sayi karen Turai don tsaron gida a Arewa, asara ya yi. Karen gida ya fi shi komai da komai. Ni ganau ne ba jiyau ba. Bara waccan da aka haura mana katanga aka kwashe batiran sola, na je na sayo kwikwiyon Kokeshiyan naira 200,000, mai sayarwa yana ta rantse-rantse wai in ya girma ko zaki sai ya yi shakkarsa. Ya girma kam, kai kamar na ɗan maraƙi, gashi buzu-buzu. Bazara na kamawa sai ya tona rami ƙarƙashin tankin ruwa ya baje, harshe a waje, yana haki kamar injin markaɗe. Har fanka na saya masa. Ni da yara muna fifita da mafici, kare na shan iska. Daren da ɓarayi suka dawo layin nan, wa ya tashe mu? 'Yar jar karyar nan ta gidan mai gadi, wadda ƙanzo take ci da abin da ta tsinta a bola. Nawa yana can yana minshari.

Mai Kiwo: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri, amma laifin ba na karen ba ne, na wanda ya sayar maka ne, da kai da ba ka tambaya ba. Kokeshiyan daga duwatsun Kokasas ya fito, wajen ƙasar Jojiya, inda yake kwana cikin dusar ƙanƙara yana kare tumaki daga kyarkeci. Ka lulluɓa wa mutum bargo biyu a Kano cikin watan Afrilu ka ce ya yi maka gadi, ka ga abin da zai faru. Da Burbul ka saya, na Afirka ta Kudu, mai gajeren gashi, wanda dama a gonaki cikin rana aka samar da irinsa, da ba ka rubuta wannan ba. Kuma karen gidan da kake yabo, haushi kawai ya iya. Ka durƙusa kamar za ka ɗauki dutse, sai dai ka hangi ƙurarsa.

Mai Taya: To ai haushin nake so, ƙanina. Ya tashe ni, sauran aikin namu ne da 'yan sintiri.

Kawu (jikansa ke rubuta masa): Mai Kiwo, ɗana, wanda ka ga yana gudun dutse karen bola ne, ba shi da ubangida, kowa ya gan shi jifa. Kar ka haɗa shi da karen mafarauci. Na fi shekara 40 ina shiga daji, ban taɓa riƙe kare ƙasa da huɗu ba. Tun yana shan nono muke zaɓensa: mai dogon ƙafa, mai faɗin ƙirji, cikinsa a ɗame, wanda in ka ɗaga shi ta ƙeya ba ya tsuwa. Kunun dusa da ƙashi da kayan cikin abin da aka kamo, shi ne abincinsa. Ya yi wata shida sai a haɗa shi da manya, su za su koya masa, ba ni ba. In zomo ya tashi, ka san ba ya gudu a miƙe, karkacewa yake yi. Ɗaya zai bi bayansa, ɗaya ya yanke ta gaba, ba wanda ya ce musu uffan. Na taɓa yin wani baƙi, Duna, ya tsaya bakin ramin beguwa tun hantsi har la'asar, ƙaya biyu a hancinsa, bai matsa ba. Wannan ne za ka ce matsoraci?

Wata shekara wani mai hali ya biyo mu da Alsashiyan ɗinsa a bayan mota, wai zai nuna mana farauta. Kafin azahar ƙarangiya ta cika masa gashi, tafin ƙafarsa ya saɓule, a kan mashin aka mayar da shi bakin titi. Mu muka ba shi zabi biyu don kar ya koma gida hannu rabbana.

Mai Kiwo: Allah ya ja kwana Kawu, ban musa maka a daji ba. Amma me ya sa hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da 'yan sanda ba sa ɗaukar irin Duna su kai filin jirgi su shinshino ƙwaya a cikin akwati? Alsashiyan suke kaiwa da ire-irensa. Sojojin Amurka da suka je wa Usama bin Ladan a 2011, karen da suka tafi da shi Malinuwa ne na Beljiyam. Alsashiyan kuwa tun 1899, lokacin da wani sojan Jamus, Max von Stephanitz, ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa, ake rubuta wa ya haifi wa, ana ware mai jin magana a bar shi ya yi iri. In na sayi kwikwiyo na san halin kakansa. Namu fa? Wace karya ce aka san ma wanda ya yi mata barbara?

Kawu: Mu mun sani. Ba mu dai rubuta ba.

Dakta: Barkanku da dare. Na ga an shiga gonata, bari in sa baki. Alhaji yana da gaskiya a batun zafi. Kare ba ya gumi irin namu, ɗan kaɗan ne a tafin ƙafa, da haki yake sanyaya jikinsa. Mai gashi ninki biyu kuma mai nauyi, in zafi ya haura digiri 40, yana iya faɗuwa ya mutu cikin yini guda. Sannan ga kaska. Akwai wata cutar jini da take sa wa kare, sai ka ga ya rame, dadashinsa ya yi fari, wani har haɓo. Alsashiyan ya fi sauran shan wuya da ita, ta kashe wa sojojin Amurka karnuka da yawa a yaƙin Biyetnam. Namu sukan kamu su miƙe.

Amma Kawu, ka yi mini afuwa, akwai abin da ba a lissafawa. Karyar gida ta haifi bakwai, tsutsar ciki da gudawar jini su kwashe biyar, biyun da suka rage su ne ake nunawa a ce ga ƙarfi. Waɗanda suka mutu a bayan danga ba wanda ya ƙirga su. Na Turai kuwa in ya mutu unguwa duk sai ta ji, saboda kuɗi ne suka mutu.

Kawu: Wannan gaskiya ne, 'yata. Bana ma uku suka mutu mini.

Ɗan Tawa: Ku yi haƙuri in shigo, ni da nike baƙo cikin layin ga. Kuna ta hwaɗin "na Turai" da "na gida" kamar na gida ba ya da asali. Can wurinmu, arewa da Tawa har cikin Mali, akwai karen Buzaye, dogo siriri, kana ƙirga haƙarƙarinshi daga nesa ka ce yunwa ce, alhali haka halittarshi take. Barewa yake kamawa da gudu, da dare ya tsare tanti da bisashe, baƙo bai isa ya matso ba. Turawa sunka gan shi, sunka kai shi Yugoslabiya da Faransa wajen 1970, sunka sa mishi sunan yankin, Azawak. A 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi littafinta. Yanzu shi ma yana da takardun kakanni, ana saida shi da dala. To Mai Kiwo, in an dawo maka da shi cikin jirgi da takarda, na Turai ne ko na gida?

Mai Taya: Allah ya yi maka albarka! Ka ji ko? Namu ne suka ɗauka suka yi masa wanka.

Mai Kiwo: Ai maganata ya ƙarfafa. Irin yana nan, kulawar ce babu.

Auta: Ni dai tambaya ce da ni, kar a yi mini ca. Duk kuna maganar gadi da farauta. A Abuja inda nake aiki, maƙwabciyata tana da ɗan ƙaramin nan mai gashi har ƙasa, Lasa. Ba ya gadi, ba ya kamun ko ɓera. Ita kaɗai ce a gida, 'ya'yanta sun watse, ta ce shi ke ɗebe mata kewa. Har na fara sha'awa. Malam yana nan?

Malam: Ina nan, ina karantawa. Auta, abin da ya inganta a Buhari da Muslim shi ne wanda ya riƙi kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, ana rage masa lada kullum, ƙiraɗi ɗaya (wani ma'auni ne na lada), a wata ruwayar biyu. Saboda haka na ɗebe kewa bai shiga cikin rangwamen ba, ki nemi kyanwa. Na farauta kuwa Alƙur'ani da kansa ya ambace shi a Ma'ida aya ta 4, abin da horarre ya kamo maka ka ci, in ka ambaci sunan Allah lokacin sakinsa. Kawu ya san wannan a aikace.

Tsaron gida ne malamai suka yi saɓani a kai, da yawa suka yi ƙiyasi suka halatta in akwai tsoro. Ana ba da labarin Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, cewa katangar gidansa ta faɗi sai ya ajiye kare. Aka ce masa ai Malik ya karhanta. Ya ce da Malik ya riski zamaninmu, da zaki zai ɗaure. Kuma a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke kwano sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne. Shafi'iyya suna ganin najasa ne. Wannan jifan da yara ke yi wa kowane kare ba shi da tushe ko ɗaya. An gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare ruwa da takalminsa. Na Turai da na gida kuwa, ban ga inda fiƙihu ya raba su ba.

Maman Biyu: Allah ya gafarta Malam, haƙƙin maƙwabci fa? Tun ɗazu nake danne zuciyata. A tsohuwar unguwarmu wani ya ajiye Rotwaila a keji, rana ta dake shi yini guda, sai dare a sake shi. Ran nan yaron gidan ya bar ƙofa a buɗe da safe, Hassan ɗina ɗan shekara 7 zai tafi Islamiyya. Cinyarsa ya kama, sai da maza uku suka taru da taɓarya. Ɗinki ba a yi ba a ranar, wai ba a rufe cizon kare nan take. Muka tambayi takardar rigakafin karen, mai shi ya hau kame-kame. Na yi yawon kemis biyar kafin in samu allurar rigakafin haukan kare, sau biyar ana yi masa cikin wata guda. Har yau in ya ji haushi sai ya ƙanƙame ni. Karen gida in ya ciji yaro ya saki ya gudu. Wannan ba ya saki. Ingila ma da suke kwana gado ɗaya da karnuka sun hana wasu iri tun 1991, a 2024 suka ƙara da wani ƙato. Mu kowa ya samu kuɗi sai ya ɗauro dodo a cikin mutane.

Mai Kiwo: Hajiya, Allah ya ƙara wa Hassan lafiya. Ba zan kare mutumin nan ba. Kare mai kilo 50 ka kulle shi a ƙarfe, ba ya ganin mutane, ba ya motsa jiki, wasu har barkono suke zuba masa a abinci wai ya yi zafi, ai bam ka haɗa. Kuma in faɗi ta gidanmu: da yawan abin da ake sayarwa a bakin titi da sunan tsantsa gauraye ne, ko wa da ƙanwa aka haɗa saboda kwaɗayin kuɗi. Shi ya sa za ka ga Alsashiyan ɗan shekara biyu yana jan ƙugu. Ni kafin in sayar sai na ga gidan mutum. Na sha mayar da kuɗi.

Dakta: Hajiya, gyara ɗaya. Cizon da ya saki ya gudu shi ya fi ba ni tsoro. Haukan kare na kashe mutane kusan 59,000 duk shekara a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, yawanci a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A nan, karnukan da ke yawo ba rigakafi su ne suka fi yaɗa shi, ba na keji ba. Ɗan ƙarzane ya isa. In alamu suka bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, sai dai addu'a. Duk wanda aka ciza a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a wuce asibiti a ranar. Ba a jira a ga ko karen zai haukace, ba a ƙona gashinsa a shafa. Kawu, naka nawa aka yi wa allura?

Kawu: Suna da laya a wuya.

Dakta: A bar musu layarsu, a ƙara da allura. Sau ɗaya ce a shekara. Asabar ina gida, jikanka ya zo ya kai ni.

Mai Taya: To ni dai ban janye ba. Ku bar wa 'yan sanda Malinuwarsu. Mai gida irina da ke son a tashe shi in an taɓa ƙofa, 'yar jar karyar nan ta ishe shi. Kawu, a sa ni a layin kwikwiyo.

Kawu: Karyar tawa wata guda ke nan da ɗaukar ciki, saura wata guda ta haihu, sai kuma sun yi wata biyu suna shan nono. Amma ba na ba mutumin da bai gama da na hannunsa ba. Wancan mai gashin ya za ka yi da shi? Kar in ji an kai shi bayan gari an yar.

Mai Taya: Na yi tunanin in kira mai aski ya yi masa ƙwal.

Dakta: Kar ka soma, Alhaji. Rana za ta ƙone masa fata. A riƙa taje shi ana cire gashin ciki, inuwa da ruwa kar su yanke, a fita da shi da asuba kawai.

Mai Kiwo: Ina da abokin sana'a mai gona a wajen Jos, ya daɗe yana neman irinsa. Can ko a bazara da dare sai an rufa. In ka yarda in kira shi gobe, amma rabin kuɗinka ma kar ka sa rai.

Mai Taya: Kira shi. Fankar dai ba ta cikin ciniki, ɗakin yara za ta koma.