Ruwa na shigowa ta bututun shaf, ina mafita?

Salamu alaikum masana. Ƙaramin jirgin ruwa ne mai rimot, tsawonsa santimita 60, jikinsa filawud mai kaurin milimita 3 da aka shafe da epoxy (wani gam mai hana ruwa shiga) ciki da waje. Motar lantarkin da ke juya farfelarsa mai lamba 540 ce, batir LiPo mai bol 7.4, shaf (sandar da ke haɗa motar da farfela) mai kaurin milimita 4, farfela milimita 35.

In aka ajiye shi a baho awa guda, ko ɗigo ba ya shiga. Amma da an sake shi a dam ɗin Kubanni da ke Zariya, cikin minti biyar sai ruwa ya taru a baya, kusan rabin kofin shayi, dab da ESC (na'urar da ke sarrafa gudun motar). Ke nan ba jikin ba ne, bututun da shaf ke bi ta cikinsa ya fita waje nake zargi, don bakinsa na ciki yana ƙasa da layin ruwa.

An cusa basilin a bututun, ya narke. An sa giris ɗin motar hawa, ruwan ya ragu, sai dai motar jirgin na ɗaukar zafi har ba ta taɓuwa.

Don Allah, ɗaga bakin bututun zan yi, ko karkatar da shaf zai yi za ta rage ƙarfin turi? Ko bushin (zoben da ke riƙe shaf a cikin bututun) ne ya yi sako-sako? Wane giris ne ruwa ba ya wankewa, kuma ana samunsa a Sabon Gari?