Wace kalma za mu ba waɗannan ƙwayoyin da ake sha don kaifin ƙwaƙwalwa?

Jiya ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta shigo da wata 'yar kwalba da ta saya wajen Ƙofar Ƙaura, wai ta ginkgo ce, ƙwayar da ake yi da ganyen wata bishiyar ƙasar Sin, saboda jarrabawa. Baba ya juya kwalbar, ya ce, "Ke, miye sunan wannan da Hausa?" Duk muka yi tsit.

Turawa na ce musu nutrofik. Wani masani ɗan Romaniya, Corneliu Giurgea, ya ƙirƙiro sunan a 1972 daga kalmomin Girkanci biyu: hankali da juyawa. In muka bi shi sak, sai mu ce "mai juya hankali", wanda a nan Katsina ma'anarsa hauka ko sammu. Wannan ya faɗi tun a zaure.

Baba ya ce ai muna da suna tun kaka da kakanni: maganin hadda. Ya tuna zuma da zabibi da lubban da ake ba masu tilawa. Na ce, "Baba, Allah shi ƙara girma, kalmar magani ce ban yarda da ita ba." Magani alkawarin warkarwa ne. Ita ginkgo ɗin nan, an gwada ta a Amurka kan tsofaffi sama da 3,000, sakamakon ya fito a 2008: ba ta hana ciwon mantuwa ba. Kuma mai shan aspirin ko warfarin, maganin hana daskarewar jini, tana iya jawo mai zubar jini. Lambar NAFDAC mai L a ƙarshe ma, wadda ake ba magungunan gargajiya, ba shaidar abu yana aiki ba ce.

Ƙanwata ta kawo "mawashin ƙwaƙwalwa". Daɗin faɗi kam akwai, amma bakin 'yan talla ne.

Ni dai na tsaya kan "cikon abinci". Ku dubi mai awo a kasuwa: sai tiya ta gaza yake ciko. Wanda jininsa ya yi ƙasa ko ya rasa bitamin B12, ciko zai yi mai rana, har mantuwar ta ragu. Wanda tiyarsa ke cike, ƙasa zai zube, kuɗinsa ne kawai suka tafi. Na wannan fanni kuma sai mu ce "cikon abinci don ƙwaƙwalwa". Ya yi tsawo, na sani. Mutanen Daura, in kuna da gajere ku miƙo.

Baba dai ya ɓantari goronsa, ya ce shi nasa cikon ke nan.