Abin da masu kiwon kifin ado suka ce kan katantanwar nerite

Mun zauna da wasu masu akwatin kifi na gilashi a nan Sakkwato, hira ta kai mu kan katantanwar nerite, wadda ake sakawa don ta kankare gansakuka. Kowa ya yaba aikinta. Ba ta cin tsirrai, kuma ba ta yaɗuwa, domin 'ya'yanta sai a ruwa mai ɗan gishiri suke rayuwa. Fararen ƙwan da take liƙawa jikin gilashi da itace, sai dai a kankare.

An fi daɗewa kan zafi. Ruwan da take so bai wuce digiri 22 zuwa 28 ba, alhali Afrilunmu na haura 40. Wani Alhaji ya ce a nisanta akwatin da taga, a sa fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan, a riƙa ƙara wanda ya ƙafe. Ni ma wannan na fi gamsuwa da shi.

Ƙoƙonta na zaizayewa in ruwa ba sinadarin kalsiyam, don haka a jefa guntun dutsen farar ƙasa irin na Kalambaina da ke kusa da Sakkwato, bayan an wanke. Maganin kifi mai jan ƙarfe yana kashe ta. Sabon akwati fes kuwa yunwa ce gare ta, domin babu gansakukar da za ta ci. A sa murfi, tana hawowa ta faɗo. In ta kife, a juya ta.