Wai dole sai na koyi Java kafin na gane OOP?

Ɗalibar Naraguta:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka min, ina aji biyu a kwamfuta sayans, an fara mana salon rubuta furogiram, wai akwai na bin umarni daki-daki, akwai OOP (Object-Oriented Programming, wai mai haɗa bayanai da ayyukansu a abu ɗaya), akwai na fankishin zalla, ni kuma yaren Python kawai na iya. Wani a ajinmu yace in ba yaren Java ba bazan taɓa gane OOP ba. Haka ne? Kaina ya ɗaure wallahi ga jarabawa ta matso.

Ɗan Farin Gada:
Wa alaikis salam ƙanwata. Ba haka bane, OOP ta girmi Java nesa ba kusa ba, tun 1967 aka yi yaren OOP mai suna Simula a Norway, Java kuwa sai 1995. Python ɗinki tana yin duka ukun. Abin da ya raba su guda ɗaya ne, ina bayanai suke zaune kuma waye ke da ikon canza su.

Ki ɗauka kina rubuta wa mai shagon dankali lissafin buhunansa. A salon daki-daki irin na yaren C zaki ajiye jimla a sifili, ki zagaya da lup (umarnin maimaitawa) kina ƙara mata buhu buhu, kowane layi na iya taɓa jimlar, shi yasa in furogiram ya girma sai ki rasa wane layi ya ɓata miki lissafi. A OOP kilas (tsarin da ke riƙe bayanai tare da ayyukansu) zaki yi mai suna Shago, adadin buhu na cikinsa, ba mai taɓawa sai ta sayar() ko sauke(). Na fankishin (ɗan aikin da ake ba shi bayani ya dawo da amsa) kuma ba a canza komai, ki ba shi jerin buhuna ya dawo miki da sabon jeri, tsohon na nan yadda yake, in kin ba shi abu ɗaya sau ɗari amsa ɗaya zai ba ki. Yaren Haskell kenan. Ki rubuta wannan shagon sau uku a Python yau da dare.

Mai gyaran laftof, Terminus:
Yallaɓai na yarda amma ɗan ajin nasu ma yana da 'yar gaskiya fa. A Python ko kin sa ɗan layin ƙasa (_) gaban suna don nuna kar a taɓa, wani zai iya shiga ya canza adadin buhun, ladabi ne kawai ba doka ba. A Java in kika rubuta private, wani kuma ya nemi taɓawa daga waje, kamfaila (manhajar da ke fassara furogiram wa kwamfuta) ƙin yarda zata yi tun kafin furogiram ya tashi, anan ne ni na gane amfanin ɓoye bayanai sosai. Bayan jarabawa ki leƙa ta.

Malama daga Bukuru:
'Yata kar ki manta yarukan SQL da Prolog, salonsu daban ne, ana yawan tambayarsu. Su abin da kike so kike faɗa, injin ya nemo hanyar da kansa.

Ɗalibar Naraguta:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na gama na lup ɗin, na kilas nake yanzu. Yaya, in an zo sayar da buhu goma alhali biyar suka rage, a cikin sayar() zan hana ko a waje?

Ɗan Farin Gada:
A ciki. In kika bar shi a waje duk mai kiran sayar() sai ya tuna ya duba, wata rana wani zai manta.