Mai bi zai iya ce wa Allah "don me"?

Dattijo: Jiya a taron addu'ar shirin Ista na ji wata 'yar'uwa tana kuka tana cewa, "Ya Allah, don me?" Ban ji daɗi ba. Mai bi na gaskiya ba ya tuhumar Allah. Gunaguni ne ya sa Isra'ilawa suka yi shekara 40 a jeji. Ayuba ya rasa 'ya'ya goma rana ɗaya, abin da ya ce kawai, Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa.

Malamin Lahadi: Baba, ka yi haƙuri, a sura 1 ka tsaya. A sura 3 Ayuban nan ya la'anci ranar haihuwarsa. A sura 42 kuma, abokansa masu kwaɓarsa ne Allah ya yi fushi da su, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a.

'Yar Kwaya: Yesu kansa fa? Markus 15:34, "Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni?"

Dattijo: Zabura 22 yake karantawa, 'yata. Ki bi ta har ƙarshe, da yabo ta ƙare.

'Yar Kwaya: Amma da kuka ta fara, Baba. Bai tsallake ayar farko ba.

Uwar Zumunta: Ku bari in sa baki. Daren 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, saura kwana shida Ista. Yawancinsu 'ya'yan cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) ne. Akwai iyayen da suka mutu ba su sake ganin 'ya'yansu ba, waɗansu har yau suna jira, kuma ba su daina zuwa sujada ba. Wa zai iya duban idonsu ya ce kada su tambaya? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ni a wurina, wanda ya juya wa Allah baya ba ya ma tsayawa tambayarsa.

Dattijo: Mama, ban raina hawayen kowa ba. Amma a addu'ar Yesu a Getsamani, bayan "ka ɗauke mini ƙoƙon nan" sai "ba nufina ba, sai naka." Tsorona mu koya wa yara rabin addu'ar.

Malamin Lahadi: Sau uku ya koma yana roƙo kafin ya tashi. Ita jiya ta fara.

Dattijo: Wace ce ma? A baya na zauna, ban ga fuskarta ba.

Uwar Zumunta: Wadda muka binne mijinta watan jiya. Ranar Jumma'a bayan sujada za mu je gidanta. Baba, sai ka zo, kai za ka buɗe mana da addu'a.