Abin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyar jitar bas, me za mu kira shi da Hausa?

Mai bas, Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa da masu gyara. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo ta gabanku.

Watan jiya jitar bas ɗina ta fara yi mini gardama. Tsirkiya biyu sirara suna fita tas, biyu masu kauri kuwa sai ka kasa kunne kafin ka ji su. Da na duba, ashe rabin baƙin abin nan ne ya mutu, mai idanun ƙarfe da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya. Na kira wani mai shago a Duwala na ce ina son mikro na bas, na tura masa kuɗi. Kwana huɗu ina sintiri a tasha. Da saƙo ya iso na kwance kwali, sai ga makirufo, irin wanda ake kafawa gaban babbar ganga. Ga biki ran Asabar, dole na je aron jita. Ban ga laifin mutumin sosai ba, domin a Faransanci suna ɗaya ne: wanda mawaƙi ke riƙewa mikro, wanda ke jikin jita ma mikro. 'Yan'uwanmu na Najeriya suna cewa fikof, wanda in ka faɗa a nan sai a nuna maka mota a-kori-kura.

Abin da ke ba ni takaici, sauran sassan duk muna da sunansu. Tsirkiya tamu ce tun zamanin baka da kibiya. Jaki, inda tsirkiya ke hawa, mun gaje shi daga garaya da goge. Wuya wuya ne. Wannan ɗaya ne kawai ya rage, kuma shi ne ran jitar. Kamaru, ƙasar da ta haifi su Richard Bona da Etienne Mbappé da Armand Sabal-Lecco, wadda duniya ta san ta da hannun bas, bai kamata yaron Bahaushe da ke koyo a Garwa ya rasa sunan abin da yatsansa ke jingina a kai kullum ba.

Ni dai abin da ya fara zo mini shi ne kunne, kunnen jita. Me kuka gani?

Mai gyaran rediyo, Domayo, Marwa

Wa alaikumus salam maigida. Kunne ba zai yi ba. Yaran da ke shigowa shagona sun riga sun ba ƙarafan saita tsirkiya wannan sunan, sai ka ji suna cewa murɗa kunnen ta uku. Wannan ma ƙaramin dalili ne. Babban shi ne abin nan ba ya ji ko kaɗan.

Ka gwada da kanka. Kunna ampili, na'urar ƙara sauti, ka dafe tsirkiya, ka kai bakinka kusa da shi ka ƙwala kira. Ba abin da zai fito a bafal, wato lasifika. Yanzu ɗauki sukudireba ka taɓa ɗaya daga idanun nan, za ka ji ƙwas kamar an jefi kwano. Na farke su da yawa. A ciki maganaɗisu ne, an naɗe shi da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashin kai, zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a samansa, sai wata 'yar wuta ta taso cikin wayar, tana kai da komo daidai da rawar tsirkiyar. Mi, wadda ta fi kauri a bas mai tsirkiya 4, tana rawa sau 41 a daƙiƙa guda, wutar ma haka za ta yi. Ita ampili ke karɓa ya girmama. Iska ba ta cikin lissafin nan sam, alhali makirufo da iska yake aiki.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Masu ƙera shi sukan tsoma naɗin cikin narkakken kaki don kada wayar ta motsa. In ya tsufa naɗin ya saki, a nan ne yake fara jin murya, ka yi magana ka ji ta a bafal, ka ƙara wuta ya kama ihu. Wato ran da ya zama kunne, ran nan ya lalace. To yaya za mu raɗa masa sunan ciwonsa?

Malamin makaranta mai ritaya, Ngaundare

Madalla da wannan bayani, ɗana. Ni ba makaɗi ba ne, harshen ne ya dame ni. Kalmar Turancin, fikof, daga ɗauka ta fito, saboda haka ana iya cewa maɗauki, kamar yadda muka sami mabuɗi da matsefi da magogi. In ba ku so wannan, ga matatsi, tun da tatsar sauti yake yi daga tsirkiya. Mu da muke zaune cikin Fulani ba mai buƙatar a yi masa bayanin tatsa.

Ɗan Njamena, mai tsirkiya biyar

Allah gafarta malam, maɗauki zai mayar da mu inda muka fito. Ɗaukar sauti a bakin kowa aikin situdiyo ne, in na ce maɗaukina ya lalace za a zaci na'urar naɗar waƙa nake nufi. Matatsi ya fi daɗi, amma na faɗe shi sau goma a ɗaki yana kama mini harshe. Ku tuna inda za a riƙa faɗar kalmar nan: ana tsakiyar biki, janareta na ruri, kana ƙwala wa mai haɗa sauti magana daga nesa.

Kuma dole sunan ya karɓi ƙari, don abin ba iri ɗaya ba ne. Jitata mai tsirkiya 5 ce, tsirkiyar Si ta ƙasa tana sauka har rawa 31 a daƙiƙa, kuma tana cin batir mai bolt 9. Ta abokina a Kusiri ba ta san batir ba. In ba za mu iya bambanta su da kalma biyu ba, yara za su koma wa mikro.

Ita kanta bas ɗin ku bar ta yadda take. Na san a Kano bas mota ce, amma da ka ce jitar bas magana ta ƙare.

Mai bas, Yelwa, Garwa

Na janye kunne, mai gyara ya gama da ni da hujja. Amma ku ji abin da ya faru jiya da la'asar.

Mataccen nan da na cire yana kan tabarma a zaure, ƙaramin ɗana yana wasa da shi. Ya tattaro ƙusoshi da allurar mahaifiyarsa da marfin kwalba, duk sun manne a idanun, yana ɗagawa suna reto. Sai ga wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon mai garaya, ya shigo gaisuwa. Ya karɓa ya jujjuya, ya ɓamɓare ƙusa ɗaya ya sake ta, ta koma ta manne. Ya ce, "Wannan ai mayen ƙarfe ne. Shi ke cikin jitar taka?" Na ce shi ne, Baba. Ya ce, "To ashe kurwar tsirkiya yake kamawa."

Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Duk bayanin da mai gyara ya yi mana, dattijon nan ya dunƙule shi a numfashi ɗaya, bai taɓa riƙe jitar lantarki ba. Abin ba ya taɓa tsirkiya, akwai rata tsakaninsu, amma yana zuƙe motsinta daga nesa ya aika da shi wani wuri. Kuma ƙarfe kaɗai yake kamawa. Saboda haka ga shawarata: mayen tsirkiya, a taƙaice maye.

Na kwana ina gwada shi da duk irin da na sani, ban ga inda ya ƙi ba. Jitar bas samfurin Precision, wadda Leo Fender ya fitar a 1951, maye ɗaya gare ta, kuma tun 1957 aka raba shi biyu, rabi na kama tsirkiya masu kauri, Mi da La, rabi na kama sirara, Re da Sol. Wannan rababben maye ke nan, irin nawa da rabinsa ya mutu. Muryarsa dunƙulalliya ce, tana zama ƙarƙashin ganga daram, shi ya sa nake son sa a biki. Jazz Bass ta 1960 mayu biyu gare ta sirara: na kusa da wuya mayen wuya, mai taushi da zurfi, na kusa da jaki mayen jaki, mai kaifi da ɗan hanci, wanda masu gudun yatsa irin na kiɗan makosa da bikutsi ke ƙauna don kowane bugu ya fito daban. StingRay ta 1976 kuwa ƙato ɗaya ne mai naɗi biyu a jere, sai mu ce tagwayen maye, ga kuma batir a cikinta. Ɗan'uwana na Njamena, taka mai batir, ta abokinka marar batir. Kalma biyu, kamar yadda ka nema.

Malamin makaranta mai ritaya, Ngaundare

Ɗana, hikimar ta burge ni, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Maita ba abin wasa ba ce a wurinmu. Na ga tsohuwar da aka raba da unguwarta saboda wannan kalma, na ga zumuncin da ya tsinke a kanta. Makaɗa kuma kun fi ni sanin irin kallon da wasu ke yi muku tun asali. Yaro ya koma gida ya ce wa uwarsa mayena ya mutu zan sayo wani, me kake zato za ta ji? Ina tsoron mu ƙara wa sana'arku nauyin da ba ta nema ba.

Zabiya, Fulɓere, Garwa

Baba malam, maganarka gaskiya ce, ni mace ce na san wa aka fi jifa da wannan kalma. Amma a bakinmu ta daɗe da yin wani reshe. Muna cewa mayen shayi, mayen ƙwallo, mayen karatu, ba mai tashi ya bar wurin. Mayen ƙarfe kuma kai da kanka na tabbata ka koyar da shi a aji. Ba mu muka ƙirƙiro ba, aro muka yi daga abin da Hausa ta riga ta halatta.

Ni abin da ya sa nake so a raba sunayen nan, shekara da shekaru in aka ce a rage mikro, nawa ake ragewa, alhali jita ce ke ihu. In mai bas yana da mayensa ni ina da makirufona, kowa ya san nasa.

Mai gyaran rediyo, Domayo, Marwa

Na goyi bayan maye, don sunan da kansa yana koyar da yaro abin da nake shan wahalar bayyanawa. Wani ya taɓa kawo mini garaya ya ce in ɗaura mata irin na jita. Na ce tsirkiyarka zaren kamun kifi ce, ba abin da zai kama. Da ya san sunansa maye, da bai ɓata kuɗin mota ba. Irin garaya da goge da gurmi wani abu ne daban suke so, ɗan faifai da ake mannawa a jikin ƙwarya ko ƙarƙashin jaki, wanda matsi da girgiza ke sa shi ba da wuta. Babu maganaɗisu a cikinsa, saboda haka kada a kira shi maye. Ni mannau nake ce masa a shago, kuma ba wanda ya taɓa tambayata me nake nufi.

Haka zancen tsirkiya. Mai kaushi da mai santsi duk maye na kama su, muddin ƙarfe ne ko nikel. Mai kaushi ta fi ƙara da walƙiya, amma zufar watan Maris da Afrilu tana shiga tsakanin naɗinta ta kashe ta da wuri, mai santsi kuwa sai ta shekara tana ba ka murya ɗaya. Wadda aka naɗe da tagulla ta jitar da ba ta lantarki ba ce, in ka ɗaura ta sautin zai fito a raunane, don zuciyar tsirkiyar kawai mayen ke gani.

Sai gurnanin nan da kuke kawo mini ƙara a kansa kuna cewa ampili ne. Sau da yawa ba shi ba ne. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, maye mai naɗi ɗaya kuma yana kwasar wannan daga wayoyin ɗaki da taransifoma. Rababbe da tagwaye an naɗe rabinsu a saɓa, sai gurnanin ya kashe kansa. Mai Jazz Bass ya buɗe mayu biyun daidai wa daida, zai ji ɗakin ya yi tsit.

Malamin makaranta mai ritaya, Ngaundare

'Yata ta Garwa ta tuna mini abin da na manta, na koyar da mayen ƙarfe shekaru da dama ban taɓa jin ɗar ba. Na sauko, da sharaɗi ɗaya. A rubuce, da gaban wanda ba ɗan sana'a ba, a faɗe shi cikakke, mayen tsirkiya. Tsakaninku ku gajarta yadda kuka ga dama. Jam'insa mayu, kada in ji wani ya ce mayoyi. Mannau ma na karɓa, ginin kalmar daidai yake.

Mai bas, Yelwa, Garwa

Mun gode Baba, sharaɗi ya karɓu. Ɗan'uwa na Njamena, ka kai wa mutanen Kusiri, mu ji ko zai zauna a bakinsu.

Mai gyara, na fasa sake aikawa Duwala. Ran Litinin in Allah ya kai mu zan shigo motar safe zuwa Marwa da rababben mayen nan, ka auna mini rabin Mi da La, in naɗin ne ya ƙone mu ga ko zai naɗu. Zan haɗo da jitar yaron da ke koyo a wurina, mayen jakinta ya fara jin murya. Ka tanadi kaki.