Tambaya: kapsul mai kamara ta maƙale a ƙaramin hanji

Abokan aiki, barkanmu da warhaka. Majinyaci ne nan Maradi, baƙin kashi da ƙarancin jini. An leƙa cikinsa da tiyo mai kamara ta baki da ta dubura, ba a ga mafitar jinin ba. Ya haɗiye kapsul mai kamara da ke ɗaukar hoton cikin hanji, batir ya mutu ba ta kai babban hanji ba. An wuce kwana 14, hoton radiyo (X-ray) na nuna ta wuri ɗaya. Ba amai, ba kumburi. Ya daɗe yana shan maganin ciwo diclofenac, shi ya sa muna zargin hanjin ya tsuke, amma tsoron cutar tibi (TB) ta hanji ya hana mu ba shi maganin rage kumburi kortizon. Tiyonmu iyakarsa farkon ƙaramin hanji, ba mu da tiyo mai balan-balan biyu da ke shiga hanjin da nisa. Mu jira, mu tura shi wani asibiti, ko a yi tiyata?